Tabon Jikin Bindiga: Daga Ƙotar Maharbi Zuwa Lambar Da Aka Kankare

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako domin waɗanda ba su samu saurara ba. Yau daga nan Tudun Wada ta Gusau zan taɓo wani ɗan abu da ba kowa ke kula da shi ba, wato ƙwarzane da tabon da ke jikin bindiga, da yadda fassarar da mutanenmu ke yi masa ta yi ta sauyawa cikin shekara ɗari biyu.

Mu fara da inda bindigar ta fito. Wadda kakanninmu suka sani, ta ɗuri da albarushi ta baki, daga bakin teku ta hauro. Maƙeran Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam sun yi ta ƙera wasu bindigogi masu araha musamman domin kasuwar Afirka, a shafe ƙotarsu da jan fenti, su yi ta ɗaukar ido. Amma ƙarfen da yawansu ba shi da kyau. Sai mutum ya ɗura, ya ja kunama, bututun ya tsage ya tafi da yatsunsa. To ku duba nan: a irin wannan kasuwa, sabuwar bindiga mai ƙyalli ita ce abin tsoro, don ba a san halinta ba. Wadda fentinta ya goge, ƙotarta ta yi baƙi da gumin hannu, bakinta ya sha hayaƙi, ita ce ta riga ta ba da shaida cewa an harba ta sau ɗari ba ta ci mai ita ba. A ganina daga nan girmama tsohuwar bindiga ya samo tushe, tun kafin a zo batun laya.

Kuma ku tuna ba ta da yawa. Baturen nan Clapperton, da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobir a 1826, bindigogin da ya gani a cikin dubban mayaƙa ba su kai hamsin ba. Abin da ya yi ƙaranci haka ba a yar da shi don ya tsage. Ƙota ta fashe, a kai wa baduku ya naɗe ta da ɗanyar fata, in ta bushe ta matse kamar ƙarfe. Kunama ta karye, maƙeri ya ƙera wata. A hankali maƙeranmu suka iya ƙera ta gaba ɗaya, ita ce har yau muke kira baushe ko harbi-ka-ruga.

Maharbi kuwa bai tsaya ga gyara ba. Ya ɗinka mata layu, ya jera mata wuri, wani ya shafa mata jinin naman da ya kayar. Na taso na iske tsofaffin maharba a unguwarmu, in ka tambayi ɗayansu wani tsagi a ƙotarsa, ka shirya zama, domin zai faɗa maka dajin, da shekarar, da dabbar. Kai, ka ce za ka goge masa ita ta koma sabuwa? Ai zagi ne.

Sai 1903. Bayan Turawa sun ci Kano a farkon Fabrairu, rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato ta yi kiciɓis da su nan kusa da mu, a Kwatarkwashi, ƙasar Bunguɗu ta yau, kan hanyar nan da muke bi zuwa Tsafe. Sarki Alu ya riga ya rabu da jama'arsa. Waziri Ahmadu ne ya ja mahaya suka yi ta afka wa Laftanar Wallace Wright da sojojinsa da ba su cika hamsin ba, har Wazirin ya kwanta dama a wurin. Takobi da mashi da 'yan bindigogin ɗuri ba su iya da bindigar da ake sa wa harsashi ta baya ba. Wannan rata kuma da gangan aka gina ta, domin tun 1890 yarjejeniyar Brussels ta hana sayar wa mutanen yankinmu bindigogin zamani, ta bar musu na ɗuri.

Da Bature ya zauna sai ya zo da wani sabon ido. A bariki bindiga ba ta soja ba ce, ta hukuma ce, tana da lamba, lambar tana cikin littafi. Kullum a goge, a shafa mai, a leƙa bututu. Ɗigon tsatsa laifi ne, horo ake yi a kai. Tabon da maharbi ke tinƙaho da shi, ga kofur alamar sakaci ce. Shekaru da dama ra'ayoyin nan biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a gari ɗaya, ba wanda ya dami wani. Af, a Amurka ma akwai masu tara tsofaffin bindigogi da ke rage kuɗi in an sake wa bindiga fenti, su sun fi son ta da tsufanta. Ashe tsohon maharbinmu yana da 'yan'uwa a can.

Abin da ya sa na kawo wannan zance shi ne ƙwarzane na uku, wanda ba daji ne ya yi shi ba, magagari ne. Tun da makamai suka fantsama a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, bindigar da ke yawo a dazukan Tsafe da Bunguɗu ta zama AK-47. Wata ƙungiyar bin diddigin makamai mai suna Conflict Armament Research ta fitar da rahoto a 2020, bayan ta duba makamai sama da ɗari da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna. Ta samu waɗanda suka fito daga rumbunan Libiya, da na Kodebuwa, da na jami'an tsaronmu na gida, ta kuma samu waɗanda aka kankare musu lamba. Abin lura, salon kankarewar kansa ya zama shaida: in bindigogi a ƙasashe daban-daban suka zo da irin goga ɗaya a wuri ɗaya, to ta hannu ɗaya suka biyo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta wajabta sa wa kowane makami alama saboda wannan dalili.

Mutanen Zamfara ma sun iya karanta jikin bindiga. Lokacin sulhun 2016 a zamanin Abdul'aziz Yari, da na 2019 a zamanin Bello Matawalle, duk sanda aka baje makaman da aka ce an miƙa, abin da ake ta faɗa a majalisu shi ne: ku ƙirga masu tsatsa da baushe, ku ƙirga masu lafiya. Tsatsar da ta taɓa zama abin alfahari ta koma alamar cewa na ƙwarai suna can daji.

A Yunin 2022 gwamnatin jiha ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga don kare kai, a Janairun 2024 kuma Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawa. Ma'ana, bindiga ta ƙara kusantar gidajen talakawa. Magidancin da tsoro ya kai shi ya sayi ta hannu a ɓoye, ya ga wani wuri a gefenta an goge ya yi fari, ba shi da wanda zai tambaya wane daji ne, wace shekara ce. In an kama shi da ita, duk abin da ta aikata kafin ta zo hannunsa shi za a tambaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.