TSOHUWAR BINDIGAR GIDA: DAGA FADAR SARAKUNA ZUWA TEBURIN GWANJO

A yau za mu ɗan jingine ƙagaggen labari mu leƙa tarihi, a kan wani abu da yake rataye a ɗakunan tsofaffi da yawa a ƙasar Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, wato tsohuwar bindigar gida, wadda wasu ke kira bindigar toka, wasu adaka, masu barkwanci kuma su ce harba-ka-ruga.

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gadon tsohon maharbi ya san yadda ake yi. Gona tana da farashi, shanu suna da farashi, hatta tsohon keke akwai mai tayawa, amma da an zo kan bindiga sai kowa ya yi shiru. A ƙarshe sai a kira maƙeri ya ƙiyasta ta da kuɗin ƙarfe da itace, a tura wa babban ɗa. Alhali a ƙasashen Turai irin wannan kaya kan tashi iyali daga talauci a yini guda. Me ya kawo wannan bambanci?

Bari mu fara da asali. Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa fiye da yadda mutane ke zato. Tun a ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya samo bindigogi da Turkawan da suka koya wa dakarunsa harbi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa shigo da garkuwoyi da bindigogi daga Nupe, sannan Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. A Damagaram kuwa, Sarki Tanimu ya kai ga sa ana ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa.

Hanyoyi biyu bindiga ta biyo ta iso mana. Akwai ta Sahara, wadda fatake ke ɗaukowa daga Tarabulus. Akwai kuma ta bakin teku, inda Turawa ke musayar ta da bayi da zinariya da hauren giwa. Mutanen Danmak suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan ciniki daga sansaninsu na Ankara ta ƙasar Gana, shi ya sa har gobe da sunansu ake kiran irin wannan bindiga a Turanci, duk da cewa da yawa daga cikinsu a birnin Birmingham na Ingila aka ƙera su.

To amma Bature bai cika sayar mana da wadda yake yaƙi da ita ba. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, suka bar mana masu ƙyastu da ake ɗura wa albarushi ta baki. Sakamakon ya fito fili a 1903. Ranar 3 ga Fabrairu sojojin da ba su kai dubu ba suka ci Kano da igwa da bindiga mai ruwa, ranar 15 ga Maris Sakkwato ta bi baya, Katsina kuma aka shige ta ba tare da an gwabza ba. Daga nan bindigar gargajiya ta bar fagen fama ta koma wurare biyu: hannun 'yan bindigar sarki masu ƙawata hawan salla, da hannun maharba. A kudancin Katsina, inda daji ya haɗe da na Birnin Gwari, ta zama abokiyar manomi wajen korar birai da gyado daga gona, maƙeranmu kuma suka ƙware wajen gyara ta da ƙera sabuwa.

Yanzu mu tsallaka mu ga yadda Turawa ke yi da nasu gadon. Akwai manyan gidajen gwanjo a Landan da suka haura shekara 200 suna wannan sana'a: Sotheby's tun 1744, Christie's tun 1766, Bonhams tun 1793. Idan magada suka kai kaya, masanin gidan zai duba tambarin maƙeri da shekarun bindigar, ya bincika ko an taɓa sauya mata wani sashe, sannan a ɗauki hotonta a buga a littafin haja tare da ƙiyasin kuɗi. Mai kaya yana iya yanke farashin da in ba a kai shi ba, ba za a sallama ba. Ranar gwanjo a yi ta tayi har guduma ta sauka, gidan kuma ya cire la'adarsa daga mai saye da mai sayarwa duka.

Ga misali guda. A 2019 wasu iyali a yankin Berkshire na Ingila suka tsinci wasu tsofaffin makamai a saman rufin gidansu. Da aka bincika sai aka gano kakansu, Manjo Thomas Hart, shi ya kwaso su daga Indiya bayan an kashe Sarki Tipu Sultan a 1799. A watan Maris na shekarar aka yi gwanjonsu a kan fam 107,000, bindiga ɗaya daga ciki ta tashi a fam 60,000. A 2023 kuma Bonhams ta sayar da wani takobin wannan sarki a kan fam miliyan 14. A Amurka, bindigar da aka harbe ɗan ta'addan nan Billy the Kid da ita a 1881 ta haura dala miliyan 6 a 2021.

Mai karatu, ka lura da abin da aka saya a nan. Ƙarfen da ke jikin waɗannan makamai bai fi na bindigar kakanka nauyi ba. Labarin da ke biye da su aka biya: wa ya riƙe, a wane yaƙi, ta hannun wa ta biyo har zuwa yau, kuma duk a rubuce. Bindigar da ba ta da tarihi, ko a Landan kuɗinta kaɗan ne, musamman irin waɗanda aka ƙera dubbai don kasuwar Afirka.

Sai dai wannan labari mai tsada sau da yawa labarin ganima ne. Abin da jikan Bature ke kira gadon gidansu, wani lokaci hawayen wasu ne. A ƙarshen 2010 Sotheby's ta sanar za ta yi gwanjon wata fuskar hauren giwa ta masarautar Benin a madadin zuri'ar Henry Galway, ɗaya daga cikin jami'an da suka fasa birnin a 1897. Da 'yan Nijeriya suka yi ca, sai aka janye ta. Makamai da tutocin Rabeh, wanda Faransawa suka kashe a Kusuri a 1900, Paris aka kai su. Takobin da ake danganta wa Alhaji Umaru Tal sai a 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal.

To mu da ke nan fa, za mu iya ɗaukar ta kakanmu mu kai gwanjo? Doka ta tsaya a hanya ta fuska biyu. Dokar makamai ta 1959 ta sanya bindiga mai ɗuri ta baki cikin waɗanda ake nema wa izini daga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta kuma hana cinikin bindiga sai ta hannun dillali mai rajista. Sannan dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta ɗauki aikin hannun mutanen ƙasa da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a cinikinsa sai da wakilin hukumar, ba a kuma fita da shi waje sai da takardar izini. Saboda haka baƙon da ya zo ƙauye yana taya tsohuwar bindiga da takobi a ɓoye, ɗayan biyu ne: ko ya saye da arha ya je ya ci riba, ko ya jefa mai gida hannun hukuma.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. A yankinmu bindigar gado ba ta samu hutun da za ta zama kayan kallo ba. Tun da ɓarayin daji suka addabi Sabuwa da Faskari da Ɗandume, har aka kai ga sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, mutane suka sauko da ita daga bango suna sintiri da ita. A 2021 gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce jama'a su kare kansu, a Oktoban 2023 kuma Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Amma kamar yadda aka yi a 1903, mai ɗuri ta baki ce ke fuskantar AK-47. Wasu sun fashe, wasu sun ƙone tare da gidajen, wasu an gudu an bar su. Dubi ma yadda kalmar ta juya: da can idan an ce 'yan bindiga, bayin sarki ake nufi masu sa gari ya ɗauki guɗa ranar salla, yau kuwa da an ambace su sai gaban uwa ya faɗi.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Katsinawa sun riƙe Gajere, takobin Korau, ɗaruruwan shekaru saboda sun riƙe labarinsa. Shawarata ga duk gidan da ke da irin wannan ajiya ita ce a zauna da dattijon da ya rage tun yana da rai, a tambaye shi wa ya fara mallakarta, a ina ya samo ta, wane maƙeri ya gyara ta, a rubuta a takarda, a ɗauki hoto. A gyara zamanta da hukuma. Idan magada sun ga ba za su iya riƙewa ba, su yi shawara a tsakaninsu, tunda haƙƙin kowa ne har da mata, su tuntuɓi gidan tarihi na Katsina ko Gidan Makama a Kano kafin su saurari ɗan jari-bola. Ƙarfe yana iya jira, amma tsohon da ya san labarin ba zai jira ba.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun sake haɗuwa.