Tal National: Samarin Da Suka Tashi Da Jita A Yamai

Yau na ɗan ajiye littafi, zan taɓo tarihin wasu makaɗa na maƙwabtanmu. Mu da muka tashi a Babura da Kazaure, in an ce kiɗan jita mai ƙara, wanda ake kira rok, sai mu ɗauka abin Turawa ne. To ga shi a Yamai, har da Hausa a cikin waƙoƙin.

A shekarar 2000 Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya tara matasa ya kafa Tal National. Abin mamaki, mutumin nan alƙali ne, kuma tsohon ɗan ƙwallo. Da rana yana kotu, da dare yana riƙe da jita. Ya haɗa Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kowa ya zo da kiɗan gidansu, aka ɗora kalangu a kan jita da gangunan zamani.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wahalar farkon. Babu kamfanin da ya tsaya musu. Sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar, ga bukukuwan aure da suna. Da kira ya yi yawa sai su rabu biyu, kowane ɓangare ya nufi nasa taron a dare guda. Fayafayansu kuwa a bakin titi ake tallarsu, a shataletalen birnin. Duk wanda ya san kasuwar kaset a ƙasar Hausa ya san masu kwafi ba sa bari mai abu ya ci guminsa, don haka dole jiki ya biya.

Daga baya Almeida ya gayyato Jamie Carter daga Chicago ta Amurka, ya zo da na'urorinsa ya ɗauki sautinsu a Yamai. A 2013 kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da Kaani ga duniya, Zoy Zoy ya biyo a 2015, sai Tantabara a 2018.

Jaridun waje sun yi ta rubutu kamar su suka tono su. Ni ban yarda ba. Kafin Bature ya ji ɗuriyarsu, mutanen Yamai sun fi shekara 10 suna rawa da kiɗan nan.