Ƙasar Azaniya da Birnin Rafta

A gabashin Afirka akwai wata doguwar gaɓar teku wadda ta miƙe tun daga ƙasar Somaliya, ta bi ta Kenya, har ta kai Tanzaniya. Yunanawa da Rumawa na dā suna kiranta Azaniya. Mutanen da suka zauna cikinta a wancan zamani ba su bar labarinsu a rubuce ba, saboda haka wanda ya ke son saninsu sai ya nema daga bakin baƙi.

Mafi amfani cikin littattafan baƙin nan shi ne na wani falke mai jin Yunananci, mazaunin Masar, wanda ya rubuta shi tsakanin shekara ta 40 da ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa. Ana ce da littafin Ferifulus, watau jagoran masu kewaya teku. Shi wannan mutum ba malami ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da ya dame shi kawai shi ne inda jirgi zai tsaya, da abin da za a saya, da abin da za a sayar.

Ya ce idan an wuce wani tsibiri mai suna Menutiyas, wanda masana ke zaton ko Pemba ne ko Zanzibar, aka yi tafiyar kwana 2 cikin jirgi, sai a iso Rafta, kasuwa ta ƙarshe a Azaniya. Sunan nan kuwa daga jiragen ruwan mutanen wurin ya samo asali, domin ba ƙusa su ke buga wa katako ba, ɗinke shi su ke yi da igiya. Irin waɗannan jirage ba su ɓace daga gaɓar nan ba sai a farkon ƙarni na 20.

Daga Rafta a kan fitar da hauren giwa mai yawa, da ƙahon karkanda, da ɓawon kunkuru. Baƙi kuwa su kan kawo māsu, da gatura, da wuƙaƙe, da basilla, da kayan gilashi iri iri. Su kan zo da hatsi da giya kuma, ba don sayarwa ba, sai don kyauta, su sami shiga wurin masu ƙasa. Kowane gari yana da nasa shugaba, amma ikon ƙasar duka yana hannun wani sarki na Yaman. Attajiran Muza, wani gari a bakin Bahar Maliya, su ne ke aiko da jirage, shugabannin jiragen kuwa Larabawa ne waɗanda suka yi auratayya da mutanen ƙasar, suka iya harshensu.

To, wannan magana ita ce mafi nauyi cikin labarin. Ta nuna cewa cuɗanyar Larabawa da mutanen gabashin Afirka ta riga Hijira da fiye da shekara 500. Abin da ya sauƙaƙa zirga-zirgar nan iska ce: daga Nuwamba zuwa Maris tana tura jirage kudu, sa'an nan daga Afrilu ta juya ta mai da su arewa.

Wajen shekara ta 150 wani masani na Iskandariya, Batlamus, ya sake ambaton Rafta, amma shi babban birni ya kira ta. Shi daga bakin matafiya ya tara labarinsa. Ya kawo zancen wani falke mai suna Diyojinis, wanda iska ta kwashe shi kwana 25 tana kora shi kudu har kusa da Rafta. Ya ambaci Duwatsun Wata, inda ya ce ruwan Kogin Nilu ya ke fitowa, ya kuma ce kudu da Rafta masu cin mutane ne ke zaune.

A nan ya kamata mai karatu ya lura. Inda fatake suka sa ƙafa, labari ya kan zo da ƙididdiga da sunayen kaya. Inda tafiyarsu ta ƙare kuwa, sai jita-jita ta karɓa. Gani ya kori ji.

Daga baya sunan Rafta ya ɓace. Sa'ad da Mas'udi ya zo gaɓar nan a shekara ta 916, ƙasar Zanj ya kira ta. Har wa yau masana ba su daidaita a kan kufan Rafta ba: waɗansu sun ce bakin kogin Pangani ne, waɗansu sun ce na Rufiji. Birnin da hauren giwarsa ya kai kasuwannin Masar, abin da ya rage nasa shi ne 'yan layuka da baƙi suka rubuta. Mutanen da ba su rubuta tarihinsu ba, da abin da baƙo ya ga dama ya faɗa za a san su.