Kula da Kwamfutar Gida da Magance Ƙananan Matsalolinta

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake kai wa masu gyara daga gidajenmu ba tsufa ne ya kashe su ba. Abubuwa uku ne suka fi yi musu illa a wannan yanki namu: rashin daidaiton wutar lantarki, ƙura da kuma zafi. Saboda haka muka ga ya dace mu tanadi wannan bayani domin magidanta, ɗalibai da 'yan kasuwa masu kwamfuta a gida, ko ta tebur ce ko ta hannu wadda aka fi sani da laftof.

Wutar lantarki

An ƙayyade wutar gidaje a Nijeriya a kan ƙarfin bolt 230, amma kowa ya san yadda take zuwa. Wani lokaci ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, wani lokaci kuma ta zo fiye da kima. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daidai sa'ar da aka dawo da ita. Don haka da zarar an ɗauke wuta a zare filogi daga soket, in an dawo da ita kuma a dakata na 'yan mintoci kafin a mayar. Haka nan a kashe kwamfuta kafin a juya zuwa janareta.

Jama'a kan rikita sitabilaiza da UPS, alhali aikinsu ya bambanta. Sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta take yi, in an ɗauke ita ma ta mutu. UPS kuwa yana da batir da zai riƙe kwamfuta na ɗan lokaci, gwargwadon yadda mutum zai adana aikinsa ya kashe ta yadda ya kamata. A ganinmu mai kwamfutar tebur bai kammala sayayya ba sai ya haɗa da shi, domin idan ta mutu farat ɗaya tana cikin rubuta bayanai a rumbunta, fayil kan lalace, wani lokaci ma Windows ta ƙi tashi. A damina, idan ana tsawa, a zare filogin gaba ɗaya. Kashe makunni kawai bai wadatar ba.

Ƙura da zafi

Fankar da ke cikin kwamfuta tana jawo iska domin sanyaya ta, tare da iskar kuma take jawo ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan taru ta toshe mafitar iskar, sai kuma bazara ta biyo baya, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ke nan ƙurar da aka bari a hunturu ita ce ke nuna illarta a bazara. Alamun su ne fanka ta riƙa ƙara ba ƙaƙƙautawa, jikin kwamfutar ya yi zafi, ko ta kashe kanta ana tsakiyar aiki.

Muna ba da shawarar a yi mata cikakkiyar shara a ƙarshen hunturu. A kashe ta, a zare filogi, a share ramukan iskar da buroshi mai laushi, a goge jikinta da busasshen ƙyalle. Kada a buɗe ƙaramin akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar tebur, domin yakan riƙe wuta ko bayan an zare filogi. A lulluɓe ta in ba a aiki, amma ban da lokacin da take kunne. Ɗora laftof a kan katifa, filo ko darduma na toshe mashigar iska. Tebur ko faffaɗan katako ya fi. Batirin da ya kumbura kuwa a daina cajinsa nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Kafin a nemi mai gyara

Idan kwamfuta ta ƙi tashi, a fara gwada soket ɗin da wani abu dabam, sannan a duba wayar da fis ɗin da ke cikin filogi. Idan ana jin fanka amma allo baƙi ne, sau da yawa wayar allon ce ta saki. Idan ta ƙame, a danna Ctrl, Shift da Esc tare domin a rufe manhajar da ta maƙale. Danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 10 zai kashe ta, amma wannan shi ne mataki na ƙarshe.

Akwai wata matsala da ke ruɗa mutane: kwanan wata da agogo su riƙa komawa baya duk lokacin da aka kunna, shafukan intanet kuma su ƙi buɗewa. A kwamfutar tebur yawanci wani ɗan batir ne mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, ya ƙare, kuma ba shi da tsada.

Ƙwayoyin cuta da tsaron bayanai

Filashin da ke yawo tsakanin shagunan buga takardu na daga manyan hanyoyin shigowar ƙwayoyin cuta. Akwai wadda ke ɓoye fayiloli ta bar gumakan bogi a madadinsu. Wanda ya ga haka kada ya danna su, kada kuma ya yi gaggawar wanke filashin, domin galibi fayilolin suna nan kuma ana iya dawo da su. Windows 10 da 11 sun zo da kariyar Microsoft Defender, sai dai tana buƙatar sabuntawa ta intanet. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, sai Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma ba kowace tsohuwar kwamfuta ce ke karɓar Windows 11 ba. Mai niyyar sayen ta hannu ya tambayi wannan kafin ya biya.

Ana iya sayen sabuwar kwamfuta, amma kundin digirin da aka yi shekara ana rubutawa ko lissafin bashin shago ba a kasuwa suke ba. A riƙa kwafe muhimman fayiloli zuwa wani rumbun dabam ko ma'ajiyar intanet aƙalla sau ɗaya a mako. Wannan ya zama wajibi kafin a kai ta gyara, domin wasu masu gyara kan fara da wanke rumbu. A gaya musu ƙarara kada su yi haka sai da izini, sannan a rubuta lambar kwamfutar, girman RAM da na rumbun ajiya a takarda, a sake dubawa ranar karɓa.