Darasin Waƙa da Insha'i a Makarantun Adar: Daga Zaure zuwa Lise

Kowace shekara, idan damina ta kawo kai a Adar, ɗaliban ajin ƙarshe na lise sukan zauna jarrabawar bakaloreya, wadda aka fi sani da bak. Ranar Faransanci akan miƙa wa ɗalibi takarda mai zaɓi uku: ko ya taƙaita wani dogon nassi ya tattauna wani batu daga cikinsa, ko ya yi tsararren sharhi a kan wani guntun adabi, sau da yawa waƙa, ko kuwa ya rubuta insha'in muhawara, wanda ɗalibai ke kira disartasiyon. Yaron da ya tashi a Affala, arewa da birnin Tawa, ya yi firamare a ƙauye, ya zo birni ya sauka gidan dangi domin ya yi lise, da wannan takarda ake auna iyakar saninsa na adabi. A cikin zaɓin nan uku babu inda ake tambayarsa wani abu game da waƙar da aka yi da harshen da ya sha a nono. Wannan tsari yana da tarihi, kuma tarihin ya girmi ginin da ake rubuta jarrabawar a cikinsa.

Tun kafin Bafaranshe ya taka ƙasar Adar ana karantar da waƙa a cikinta, ana kuma feɗe ta. A Maratta, kusa da Galmi, cikin jahar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754, kuma kabarin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru yana ƙasar Madawa. Irin makarantun da suka yi karatu a cikinsu, wato makarantun zaure, ba su mutu ba har yau. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai, bayan fiƙihu da nahawu yakan kai ga waƙa: Ishiriniya ta Alfazazi, Burda ta Busiri, sa'an nan waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya ga wanda ya yi nisa. Yadda darasin yake shi ne, almajiri ya ja baiti, malam ya bi shi kalma-kalma yana fassarawa da Hausa, ko Fulatanci, ko Tamajak. Yakan tsaya ya warware lugga, ya nuna inda mawaƙi ya lanƙwasa ƙa'idar nahawu domin kari ya zauna, ya kawo aya ko ƙissar da baitin ke ishara gare ta. Nassin na Larabci ne, amma da harshen gida ake yin sharhinsa, kuma a nan ne wannan karatu ya sha bamban da wanda ya zo daga baya.

Ƙololuwar wannan fanni ita ce tahamisi. Malami yakan ɗauki baitin wani mawaƙi mai ɗango biyu, ya gina ɗango uku a gabansa bisa kari ɗaya, amsa-amonsu na bin na ɗangon farko, sai baitin ya zama mai ɗango biyar ba tare da an ga ɗinki ba. Ba mai iya wannan sai wanda ya ji karin waƙar a kunnensa, ya gane manufar mai ita, har ya hango abin da ya bari bai faɗa ba. Ishiriniyar da ake rerawa a daren Mauludi ma da tahamisin Ibn Mahib ake rera ta. Idan jarrabawar nazarin waƙa ake nema, da wuya a sami wadda ta fi wannan tsanani. A wajen zaure kuma ga wani fili mai faɗi: makaɗan sarauta, na noma, na ƴan kokowa, waƙoƙin daɓe da na niƙa a bakin mata, da waƙoƙin Abzinawan Azawak, waɗanda Ghoubeïd Alojaly ya tattara wasu a littafinsa na tarihin Kel Denneg a 1975. Masu sauraron waɗannan waƙoƙi su ne manazartansu. Sun san zambo, sun san habaici da wanda aka nufa da shi, sun kuma san makaɗin da ya ari maganar wani.

Darasin da ake yi a lise kuwa a Faransa aka haife shi. Har zuwa 1880, ɗalibin bakaloreya a can jawabi yake tsarawa da Latin, yana kwaikwayon magabata. A wannan shekara aka soke shi, aka maye gurbinsa da insha'in Faransanci, aka kuma ɗaukaka darasin bayanin nassi, inda ɗalibi zai bi waƙa layi-layi yana nuna yadda aka ƙera ta. Gustave Lanson, wanda ya fitar da tarihin adabin Faransa a 1894, yana cikin waɗanda suka kafa wannan hanya. Abin lura shi ne, Faransawa sun yi wannan gyara ne domin su kawar da harshen da ba a magana da shi a gida, su ɗora adabin ƙasarsu a kan kujerar. Da hanyar ta ƙetaro teku sai aikinta ya juye.

Dalilin da ya sa yaron Tawa ya gaji wannan hanya, ɗan'uwansa na Sakkwato bai gaje ta ba, layi ne da aka ja a kan taswira. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Ingila abin da ke ciki. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasar da ba ruwa, suka nemi gyara, aka sake shata iyakar a 1904 da 1906. Daga nan Hausawa suka shiga makaranta ta ƙofa biyu. A kudu, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909 da Hausar boko. Gasar Rupert East ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da ƴan'uwansa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. A arewa kuwa lakwal da Faransanci zalla take, tun daga ranar farko.

Tsofaffin malamai suna tuna yadda abin yake. Littafin karatu shi ne Mamadou et Bineta na André Davesne. Waƙa kuwa hadda ce, wadda ake kira resitasiyon: yaro ya miƙe, ya harɗe hannu, ya zubo tatsuniyar La Fontaine ta hankaka da yanyawa, alhali bai taɓa ganin cukun da ake magana a kansa ba. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a farfajiyar makaranta, a rataya masa sambol, ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa kafin a tashi. Taron Brazzaville na 1944, wanda aka ce na sassauci ne, ya sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar. Ƙalilan da suka yi zarra akan tura su makarantar William Ponty a Senegal, inda Boubou Hama ya gama a 1929. A can, tun daga shekarun 1930, akan sa ɗalibai su rubuta kundi a kan al'adun garuruwansu, kuma ɗaruruwan waɗannan kundaye suna ajiye a Dakar. Waƙar gida ta shiga cikinsu, amma a matsayin shaidar al'ada, kamar yadda ake kawo bayanin aure ko na farauta. Ba a tambayi ɗalibin yadda aka gina ta ba. Makarantar horon malamai da aka yi a Tawa a ƙarshen zamanin mulkin mallaka, wadda ta yaye malamai da ma'aikata masu yawa na farkon ƴancin kai, a kan wannan turba ta yi aikinta.

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Abin da ya canja bayan haka shi ne nassoshi. Sannu a hankali Senghor, Césaire, David Diop da Birago Diop suka zauna kusa da Victor Hugo da Baudelaire, daga baya marubutan gida suka biyo: Boubou Hama, Idé Oumarou, da Abdoulaye Mamani mai Sarraounia ta 1980. Ga ɗan Adar, wanda ya fi kusa da shi shi ne Mahamadou Halilou Sabbo, haifaffen Tawa a 1937, malamin makaranta wanda ya zama minista a zamanin Seyni Kountché. Littafinsa Abboki ou l'appel de la côte, na 1978, labarin ci-rani ne zuwa bakin teku, wato labarin kusan kowane gida a Affala da maƙwabtanta. Kalmar farko ta sunan littafin ma Hausa ce, sunan da mutanen kudu ke kiran ɗan arewa da shi. Ɗalibi ya ga kansa a cikin littafi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma harshen da zai yi magana a kan abin da ya gani, da ma'aunin da zai auna shi, duk suna nan yadda Faris ta bar su.

Ba daidai ba ne a raina abin da wannan horo ya bayar. Insha'in muhawara yana tilasta wa matashi ya kawo ra'ayi da hujjojinsa, ya juya ya kawo kishiyarsa da gaskiya, sa'an nan ya nemi matsaya. A al'ummar da yaro ba ya musu da babba, samun wurin da aka umurce shi ya yi musu cikin ladabi da tsari riba ce, kuma ana jin tasirinta a bakin lauyoyi da ƴan jarida da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar. Inda aka yi hasara shi ne wajen waƙa. Waƙar Faransanci ƙirga gaɓoɓi take yi. Layin da ake kira alekzandiran gaɓa 12 ne, kuma ɗalibin da bai tashi da harshen ba da yatsu yake ƙirga su, yana kokawa da wasalin da ake rubutawa ba a furtawa. Waƙar Hausa kuwa, kamar ta Larabci, auna gaɓoɓi take yi, mai nauyi da marar nauyi, kuma kunnen yaron Affala ya iya wannan awo tun yana goye. Idan makaɗi ya karya kari, kafin a ce me ya ji. Sai aka wayi gari yana feɗe waƙar da ba ya jin kiɗanta, wadda yake ji kuwa ba wanda ya taɓa ce masa ya feɗe ta. Ƙarshen abin ga ɗalibai da yawa shi ne haddace sunayen dabarun salo da jimlolin buɗe sharhi, a liƙa su ga kowace waƙa aka kawo.

Tsakanin Tawa da Sakkwato, ta hanyar Ƙonni, kilomita 200 ne da ƴan kai. A wancan ɓangare, tun daga shekarun 1970, malaman jami'a irin su Dalhatu Muhammad da M. K. M. Galadanci da Abdulƙadir Ɗangambo suka ƙera wa nazarin waƙa kalmominsa na Hausa: jigo, salo, zubi da tsari, kari, amsa-amo. Ɗangambo ya kira hanyarsa gadon feɗe waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, kuma ɗalibin sakandare yana amsa tambaya a kan rubutacciyar waƙa da ta baka a jarrabawar fita. Can ma ba a tsira daga hadda ba, domin duk hanyar da ta shiga jarrabawa takan daskare. Amma an tabbatar cewa Hausa na iya yin magana a kan adabinta ba tare da aron baki ba.

A Nijar ma an yi yunƙuri, kuma ba sau ɗaya ba. Abdou Moumouni ya kare koyarwa da harsunan gida a littafinsa L'Éducation en Afrique tun 1964. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce harshen uwa ne harshen koyarwa a matakin farko, a mataki na biyu kuma ya zama darasi. A 1999 aka tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa, a 2001 aka yi dokar harsunan ƙasa. Duk wannan ƙoƙari a firamare ya tsaya, a can ma cikin makarantu ƙalilan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: malami abin da jarrabawa ke tambaya yake koyarwa, uba kuma makarantar da za ta kai ɗansa ga birbe da bak yake nema. A daidai wannan lokaci hukuma tana girmama waƙar gida a dandali. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, inda kirarin ƴan kokowa ya shiga rediyo ya game ƙasa, kuma da sunan mawaƙin Tawa, Ɗan Gurmu, aka kafa babbar gasar kiɗa ta ƙasa a shekarun 1980. Ɗalibin Lise Agabba, makarantar da ke ɗauke da sunan ɗan sarkin Agadas da ya ci Adar a 1674, yana iya kwana a filin gasar, gari ya waye ya shiga aji ya tarar ba a san da zancen ba.

Kundin sake gina ƙasa da aka zartar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ayar doka ba ta rubuta littafin aji, kuma dokar 1998 ta riga ta nuna haka. Malamin da ya yi niyyar kawo waƙar Ɗan Gurmu gaban ɗalibansa, galibi sai ya nemo ta a tsohon kaset ko a waya, ya zauna ya rubuta ta da hannunsa. Da ya fara kuwa zai ci karo da tambayar da ba ta taɓa tasowa a darasin Baudelaire ba, wato da wace Hausa zai rubuta. Adaranci, wanda Bernard Caron ya yi wa littafi guda a 1991, yana cewa hwaɗi inda daidaitacciyar Hausa ke cewa faɗi, yana cewa ɗiya inda take cewa ƴa. Ta farko ba ta ɓata awo. Ta biyu kuwa gaɓa biyu ce aka mayar ɗaya, kuma idan malam ya gyara ta domin ta dace da ƙa'idar rubutu, layin ya gurgunce, yaron Affala da ke zaune a bencin baya zai riga kowa ji.