Tarihin Ganyen Sitibiya, Daga Tuddan Faraguwai Zuwa Masana'antu

Sitibiya wani ɗan tsiro ne mai ƙananan ganye da fararen furanni, wanda tsayinsa bai cika kai ƙugu ba, kuma yakan sake tohowa daga saiwarsa shekara bayan shekara muddin tsananin sanyi bai kashe shi ba. Masana tsirrai sun sanya shi a dangi ɗaya da shuwaka, duk da cewa ita sai an wanke an matse kafin ɗacinta ya lafa, shi kuwa ganyensa guda ya isa ya bar zaƙi a harshe na tsawon lokaci. Asalinsa tuddan Amambay ne, a arewa maso gabashin Faraguwai, kan iyaka da Barazil, inda al'ummar Guwarani suka daɗe suna tsinko shi daga daji suna zubawa a cikin mate, wato wani shayi mai ɗaci da mutanen yankin ke sha safe da yamma.

Wanda ya shigar da tsiron cikin littattafan kimiyya shi ne Moisés Bertoni, masanin tsirrai ɗan ƙasar Siwizalan da ya yi ƙaura zuwa Faraguwai, wanda ya bayyana siffarsa a 1899, sannan a 1905 ya raɗa masa suna Stevia rebaudiana domin girmama Ovidio Rebaudi, masanin haɗa sinadarai da ya fara nazarin ganyen. Sai a 1931 wasu Faransawa biyu, Bridel da Lavieille, suka tace sinadarin da ke ɗauke da zaƙin, aka kuma tabbatar da cewa ya ninka sukari fiye da sau 200 ba tare da ya ƙara wa jiki ƙiba ba.

Duk da haka ganyen ya shafe shekaru kusan arba'in babu mai waiwayarsa, domin rake na da arha, noman sitibiya kuwa akwai wahala. Irinsa ba ya tsira yadda ya kamata, don haka manomi yakan yanki rassa ya dasa a gandun reno har su yi saiwa kafin ya kai su gona, ƙasar kuma dole ta riƙe danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba. Da zarar yini ya fara gajarta sai tsiron ya nufi fure, kuma dab da wannan lokaci ne zaƙin ya fi taruwa a ganye, shi ya sa ake hanzarta yanke shi, a shanya, a kakkaɓe ganyen daga karan.

Abin da ya sauya lamarin doka ce da aka kafa a nesa da Faraguwai. A 1969 Amurka da Japan suka haramta saikilamet, wani sinadarin zaƙi da ake haɗawa a masana'anta, bisa zargin yana jawo ciwon daji, sai kamfanonin Japan suka shiga neman madadi, har kamfanin Morita Kagaku ya fara sayar da zaƙin sitibiya a 1971. Daga Japan noman ya tsallaka zuwa ƙasar Sin, wadda ta zarce kowa wajen samar da shi. Amurka kuwa ta hana shigo da ganyen a 1991, kuma ba ta amince da tataccen sinadarinsa a cikin abinci ba sai a 2008, a daidai lokacin da kamfanonin Cargill da Coca-Cola suka shirya fitar da Truvia, wato nasu zaƙin sitibiyar, abin da ya sa masu sharhi da dama suka ɗauka cewa nauyin 'yan kasuwa ya yi tasiri a hukuncin. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2011.

Su kuwa Guwarani, waɗanda iliminsu ne tushen wannan ciniki, kusan babu abin da ya faɗo hannunsu, kuma kiwon shanu da noman waken soya sun cinye yawancin dajin da tsiron ke fitowa da kansa. A 2015 wasu ƙungiyoyi, ciki har da Berne Declaration ta Siwizalan, suka fitar da rahoto suna neman a ba su rabonsu bisa yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta tanadi raba riba da al'ummomin da aka ɗauki iliminsu na gargajiya. Kafin a warware wannan batu, tun daga 2018 Cargill ya fara samar da irin wannan zaƙi ta hanyar ciyar da yis da sukari a manyan tankuna, hanyar da ba ta buƙatar gonar sitibiya ko ganyensa.