Barewa: Kwalejin da ta tashi daga Katsina ta zauna a Zariya

Duk yaron da aka ɗauka a Kwalejin Barewa ana ba shi lamba tun ranar da ya shigo, kuma lambar nan ba ta rabuwa da shi har kabari. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ne lamba 87. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa lamba 145. Idan tsofaffin ɗalibai suka haɗu a wajen ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa, lambar ce ke faɗin wane ne babba. Mai ƙaramar lamba yaya ne, ko da kuwa ƙanen ya zama gwamna.

A Katsina aka kafa makarantar a shekarar 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922. Turawa sun zaɓi Katsina ne saboda daɗaɗɗen sunanta a fagen ilimi, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga kuma sarki mai maraba da sabon abu. Burinsu bai wuce samun malaman da za su koyar a makarantun larduna ba. Kowane lardi yakan turo 'yan yara kaɗan, a horar da su shekara biyar, su koma gida su kama alli. Ginin farko na jar ƙasa yana nan tsaye a Katsina, an sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa.

An tsananta wa ɗaliban wajen furta Turanci daidai, shi ya sa daga baya muryar Tafawa Ɓalewa ta yi suna a rediyo da majalisa. An kuma cusa musu wasanni, musamman wasan ƙwallon hannu da ake bugawa a jikin bango, wanda Sardauna bai daina ba har bayan da ya zama Firimiyan Arewa.

Mai karatun Hausa yana da nasa dalilin tunawa da wannan kwaleji. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda Rupert East ya shirya, uku daga cikin littattafai biyar da aka buga sun fito ne daga hannun mutanen Kwalejin Katsina. Malam Bello Kagara, malami a makarantar, ya rubuta Ganɗoki. Ƙanensa Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a can, ya rubuta Ruwan Bagaja. Tafawa Ɓalewa kuma ya rubuta Shaihu Umar. Wato makarantar da aka gina don koyar da Turanci ita ce ta haifi fiye da rabin tubalin rubutun zube na Hausa, abin da ba kasafai ake ambata ba idan ana jera sunayen manyan da ta yaye.

A 1938 aka mayar da ita Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 ta sake ƙaura zuwa Zariya, inda take har yau a kan titin Gaskiya. Ta daɗe ana kiranta Kwalejin Gwamnati ta Zariya kafin a raɗa mata suna Barewa a 1971. Sunayen gidajen kwanan ɗalibai kaɗai sun isa darasin tarihi: akwai Lugard da Clifford, akwai Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer da ya fara makarantar boko a Nasarawa ta Kano, akwai kuma Bello Kagara da Nagwamatse da Suleiman Barau.

Mutum biyar da suka shugabanci Najeriya sun zauna a azuzuwanta: Tafawa Ɓalewa, Janar Yakubu Gowon, Janar Murtala Muhammed, Alhaji Shehu Shagari da Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Gowon, ɗan mai wa'azin Kirista da ya tashi a Wusasa, shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantar a zamaninsa, yana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan sarakuna da na malamai. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya ci tsofaffin ɗalibanta, Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari. Wanda aka yi a 1975 kuwa, ɗan Barewa ne ya sauka, ɗan Barewa ya hau.

Amma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin masana'antar masu mulki kawai. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya addabi Turawa da sarakuna da alƙalaminsa, ɗan Kwalejin Katsina ne. Malam Aminu Kano, jagoran jam'iyyar NEPU da talakawa, a Kwalejin Kaduna ya yi karatu. Makaranta ɗaya ta yaye shugabannin jam'iyyar NPC da manyan masu adawa da su, kuma wannan ya fi kowace lambar yabo nuna ingancin karatun da aka yi a cikinta.

Akwai kuma abin takaici a tarihin. Shekaru da dama wannan kwaleji ita kaɗai ce irinta a faɗin Arewa, tana ɗaukar yara ƙalilan, duk maza. Lambar Sardauna ma shaida ce: shekara biyar bayan kafa ta ba a kai ɗalibai ɗari ba. Ratar ilimin boko da ke tsakanin Arewa da Kudu, wadda ake kuka da ita har gobe, a nan take da saiwa.

Barewa ta cika shekara 100 a 2021, tana hannun gwamnatin Jihar Kaduna, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, tana cikin mafiya ƙarfi a ƙasar nan. Sai dai zamani ya juya. Masu hali a yau makarantun kuɗi suke kai 'ya'yansu, sun bar na gwamnati ga talaka, alhali da yawansu kyauta aka ba su karatu da abinci da tufafi da littattafai. Gyaran azuzuwa da fentin ƙofa lokacin biki suna da kyau, amma abin da ya ɗaga Kwalejin Katsina shi ne malamai ƙwararru da aka riƙe da daraja da ɗalibai da aka zaɓo da jarrabawa. Gwamnati da tsofaffin ɗalibai su fara gyara daga nan.